Zaɓen giya otomatik ga tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka: lissafin yana farawa ne daga aksul na baya

Daga shekarar 1964, lokacin da Pontiac ya fito da GTO, har zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin ƙera motoci na Detroit sun yi ta gasar cusa jibga-jibgan injuna masu silinda takwas a cikin matsakaitan motoci, kuma daga wannan gasar ne aka samu irin su Chevelle SS, da Dodge Charger, da Plymouth Road Runner, da Ford Torino. Waɗanda suka mallaki irin waɗannan motoci a yau, bayan sun gama gyaran injin da fenti, sukan tsaya cak idan aka zo maganar giyabos, domin zaɓin yana da yawa kuma kowane bakanike da tasa shawarar. Tambayar da aka fi yi ita ce wanne giyabos ya fi ƙarfi, alhali kuwa ba daga nan ya kamata a fara ba. Giyabos guntu ne a tsakiyar wani dogon lissafi da ya haɗa ƙarfin injin, da giyar aksul na baya, da girman taya, da kuma irin hanyar da za a riƙa bi da motar, kuma duk wanda ya zaɓe shi ba tare da duba sauran ba zai iya kashe kuɗi mai yawa ya ƙare da motar da ba ta da daɗin tuƙi.

Bari mu ɗauki mota guda mu bi ta da lissafin, wato Chevrolet Chevelle SS 454 ta shekarar 1970 mai injin da ake kira LS6. Girman injin lita 7.4 ne, wato inci-kubik 454, ma'aunin da Amurkawa ke kiran injunansu da shi, kamfanin ya ce yana ba da ƙarfin doki 450, ƙarfin murɗawarsa kuma ya kai kimanin Nm 678. Mai sayenta a wancan lokaci yana da zaɓi biyu ne kawai, ko giyar hannu mai hawa huɗu ta Muncie M22, ko otomatik mai hawa uku ta Turbo Hydra-Matic 400, wadda kowa ya fi sani da TH400. An fara sa TH400 a motocin Cadillac da Buick a 1964, kuma ingancinta ya sa kamfanonin waje irin su Rolls-Royce da Jaguar suka riƙa saye suna sawa a motocinsu, har ma Ferrari ya yi amfani da ita a motarsa mai lamba 400. Saboda haka babu mai shakkar ƙarfinta. Matsalarta ɗaya ce, kuma ba a ɗauke ta matsala ba a zamaninta: giyarta ta ƙarshe ɗaya bisa ɗaya ce, ma'ana duk juyi ɗaya da injin ya yi, furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul na baya, ita ma juyi ɗaya take yi.

Ga abin da hakan ke haifarwa a kan hanya. Idan aka ce giyar aksul 4.10 ce, ana nufin sai furofela ta juya sau 4.10 kafin tayoyin baya su juya sau ɗaya, kuma wannan giya tana cikin zaɓin da aka bai wa masu sayen LS6, saboda tana sa mota ta zabura da ƙarfi daga tsaye. To, mota mai wannan aksul da taya mai tsawon inci 26, idan tana gudun mil 70 a awa, wato kimanin kilomita 113, injinta yana juyawa kusan sau 3,700 a minti ɗaya ko da kwambata, wato abin da ke haɗa injin da giyabos a madadin kulocin ƙafa, ba ta zame ko kaɗan ba. Da aksul 3.73 juyin zai sauko zuwa wajen 3,370, da 3.08 kuma zuwa wajen 2,790. Injin lita 7.4 da ke juyi 3,700 na tsawon awa biyu yana shan mai kamar ba gobe, yana ɗaukar zafi, ƙararsa kuma tana hana na cikin mota jin maganar juna. A 1970, lokacin da galan na fetur a Amurka bai wuce santi 36 ba, ba kowa ne ya damu da hakan ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne takunkumin mai na 1973, da dokar taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa da ta biyo baya a 1974, sai kuma dokar 1975 da ta tilasta wa kamfanoni rage yawan man da motocinsu ke sha. Daga nan ne aka shiga ƙera giyabos masu giya ta huɗu da ake kira obadirayib, wadda a cikinta furofela ke juyawa fiye da injin. Ford ya fito da AOD a 1980, General Motors ya fito da 200-4R a 1981, sannan 700R4 a 1982. Akwai abin lura a nan wanda masu talla ba su cika faɗa ba: an ƙera waɗannan giyabos ne don injunan da dokokin hayaƙi suka riga suka rage wa ƙarfi, da manufar tsimin mai, ba don su ɗauki ƙarfin injin irin LS6 ba. Ke nan duk wanda ya ciro ɗaya daga tsohuwar mota ya ɗaura ta kai tsaye a bayan babban injin, ya san cewa kwananta ƙidayayyu ne, sai fa idan an buɗe ta an sauya kayan cikinta da waɗanda suka fi ƙarfi.

Ita 700R4, wadda aka sake wa suna 4L60 a 1990, ta fi kowace farin jini, saboda tana da yawa a kasuwa kuma kayanta ba su da wuyar samu. Giyoyinta su ne 3.06, da 1.63, da 1.00, da 0.70, wato yawan juyin injin a kowane juyi ɗaya na furofela. Idan aka ninka giya ta farko da giyar aksul, za a ga inda amfaninta yake: 3.06 sau 3.08 ya ba da 9.42, yayin da TH400 mai giyar farko 2.48 da aksul 3.73 ke ba da 9.25. Wato mota mai sassauƙan aksul na 3.08 za ta tashi daga tsaye da 700R4 kamar yadda mai 3.73 ke tashi da TH400, sannan a babbar hanya injinta ya sauko zuwa juyi 1,950. Amma wannan faɗin yana da farashinsa, domin tazarar da ke tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu babba ce. Injin da ya sauya giya a juyi 5,500 zai faɗo zuwa kimanin 2,930, alhali a TH400 zai tsaya ne a wajen 3,280. Babban injin da ke da ƙarfi tun daga ƙasa ba zai damu ba, amma ƙaramin injin da aka sa wa kamshaf mai zafi, wato mai daɗewa da buɗe bawul, wanda ba ya farkawa sai ya haura juyi 3,500, zai yi sanyi a duk lokacin da ya shiga giya ta biyu. Haka kuma idan aka haɗa 3.06 da aksul 4.10, giyar farko takan zama gajeriya ƙwarai, tayoyi su yi ta kartar ƙasa suna hayaƙi maimakon su tura mota gaba. Raunin 700R4 sananne ne a wajen masu gyara: kulocin giya ta uku da ta huɗu yakan ƙone, kwanon ƙarfen da ke ɗauke da giyar tsakiya yakan tsage a wajen haƙoransa, kuma waɗanda aka ƙera a shekarun farko sun fi na 1987 zuwa sama rauni.

Sai dai abin da ya fi kashe wannan giyabos ba ƙarfin injin ba ne, wata siririyar waya ce. TH400 tana gane nauyin da ke kan injin ne ta hanyar zuƙar iska daga injin, ita kuwa 700R4, da 200-4R, da AOD ta Ford, waya ce ke haɗa su da totur, kuma wannan wayar ce ke ƙayyade matsin man da ke matse kuloci a ciki. Mutane da yawa suna ɗaukarta tamkar wayar da ke sauko da giya idan an taka totur har ƙasa, kamar ta TH350, ƙaramar 'yar'uwar TH400 mai giya uku, wadda ko an cire ta giyabos ba zai lalace ba. Ba haka ba ne. Idan wayar ta yi sako-sako, ko kuma hannun kafireta da aka maƙala ta a jiki bai ja ta daidai gwargwado ba, matsin mai zai yi ƙasa a daidai lokacin da injin ke ba da ƙarfi, kuloci su riƙa zamewa, kuma sabon giyabos zai iya ƙonewa a cikin tafiya ƙalilan. Kafiretocin Holley da Edelbrock da ake yawan sawa a waɗannan motoci sukan buƙaci ƙarin ƙarfe na musamman domin daidaita jan wayar, kuma hanyar da ta fi tabbaci ita ce a ɗaura ma'aunin matsin mai a jikin giyabos a ga yana hawa da zarar an taɓa totur, kafin motar ta fita daga gareji.

A ganina, ga motocin General Motors na wancan zamani masu matsakaicin ƙarfi, 200-4R ta fi 700R4 dacewa, duk da cewa an daɗe ana raina ta. Giyoyinta 2.74, da 1.57, da 1.00, da 0.67 sun fi kusa da juna a ƙasa, giyarta ta huɗu kuma ta fi zurfi, ta yadda mota mai aksul 4.10 za ta sauko daga juyi 3,700 zuwa ƙasa da 2,500. Tsawonta kusan ɗaya ne da na gajeriyar TH350, saboda haka sau da yawa ba a buƙatar yanke furofela, sai dai a matsar da ƙarfen da ke tallafe giyabos zuwa baya, alhali 700R4 ta fi tsawo da kusan inci 3. Wani abin kuma, yawancinsu suna da ramukan kusoshi iri biyu, na injin Chevrolet da na injunan Buick, Oldsmobile da Pontiac, wanda hakan babban sauƙi ne ga mai GTO ko Oldsmobile 442, domin 700R4 ba ta hawa waɗannan injuna sai da farantin haɗi. Masu motar Buick Grand National mai tarbo ta shekarun 1980 su ne suka nuna wa duniya irin ƙarfin da wannan giyabos ke iya ɗauka idan an gina ta da kyau. Abin da ke kawo cikas shi ne an daina ƙera ta tun 1990, kuma ba kowane bakanike ne ya ƙware a kanta ba.

Idan kuwa injin babba ne da gaske, irin 454 da aka ƙara wa ƙarfi ko wanda ya fi shi, to hankali ya fi kwanciya da 4L80E. Ta fito a 1991 don manyan motocin ɗaukar kaya, kuma a taƙaice TH400 ce da aka ƙara wa giya ta huɗu da sarrafawar lantarki, shi ya sa giyoyinta uku na farko suka zama iri ɗaya da na TH400, ta huɗun kuma 0.75. Ba ta da wayar totur, amma tana buƙatar ƙaramar kwamfuta tata, da na'urar da za ta riƙa gaya wa kwamfutar yadda aka taka totur, wadda dole a ɗaura ta a jikin kafireta. Alfanun hakan shi ne mutum zai iya tsara lokacin da kowace giya za ta shiga da kuma ƙarfin shigarta ba tare da ya kwance kwanon mai ba. Ta fi sauran nauyi da girma, tana buƙatar gajarta furofela, a wasu motocin sai an bubbuga ko an yanke ramin da giyabos ke zama a ƙasan mota, kuma tun da ba ta da wurin wayar agogon gudu irin ta da, sai an nemo na'urar da za ta juya tsohon agogon. Waɗannan ƙananan kayayyaki, idan aka tara kuɗinsu, su ne ke sa kasafin mutum ya kauce daga inda ya tsara.

Duk da haka, bai kamata a ɗauka cewa giya uku ta zama tarihi ba. Motar da ba ta yin doguwar tafiya, wadda ake fita da ita ranar hutu a zaga gari ko a kai ta taron nunin motoci, ba ta da wata buƙata ta obadirayib, kuma TH350, wadda ta fito a 1969 da giyoyi 2.52, 1.52 da 1.00, ta ishi yawancin ƙananan injunan V8, wato masu silinda takwas, ga ta da araha, ga ta ba ta cin ƙarfin injin kamar TH400. Akwai kuma hanya ta tsakiya, wato a bar TH400 a inda take a ɗaura mata ƙarin akwatin obadirayib a wutsiya, irin wanda kamfanin Gear Vendors ke yi mai giya 0.78. Ita kuwa Powerglide mai giya biyu kacal, wadda ta cika filayen tseren rubu'in mil saboda rashin nauyinta da kuma yadda doguwar giyarta ta farko, 1.76, ke hana tayoyi zamewa a mota mara nauyi mai tsananin ƙarfi, ba ta dace da mota mai nauyin Chevelle da ke yawo a cikin gari ba. Ganin ta a motocin tsere ne ke ruɗar wasu.

Yanzu sai kwambata, wadda a nan ne aka fi yin kuskure, kuma ita ce ke sauya halin mota fiye da sunan giyabos ɗin kansa. Kwambata ce ke tsakanin injin da giyabos a madadin kulocin ƙafa, kuma aikinta ya yi kama da fanka biyu da aka sa suna fuskantar juna, aka kunna ɗaya iskarta ta juya ɗayar, sai dai a nan mai ne ke yin aikin iska, sannan akwai wani ɓangare na uku a tsakiya da ke karkatar da man ya ninka ƙarfin murɗawa kusan sau biyu a lokacin tashi. Kowace kwambata tana da matakin kamawa, wato iyakar juyin da injin zai iya kaiwa yayin da tayoyi ke tsaye cik. Ta kamfani takan kama ne ƙasa da juyi 2,000, wanda ya dace da injin da ba a taɓa ba. Da zarar an sa kamshaf mai daɗewa da buɗe bawul, ƙarfin injin yakan koma sama, ya raunana a ƙasa, sai ka ga mota tana neman mutuwa idan an sa giya a tsaye, tana fizgar birki, kuma tana tashi da nauyin jiki. Maganin shi ne kwambata mai kamawa a 2,500 ko 3,000, wadda za ta bar injin ya hau zuwa inda ƙarfinsa yake kafin ta ɗora masa nauyin motar.

Lambar da aka rubuta a kwalin kwambata kuwa ƙiyasi ce kawai, domin kwambata ɗaya za ta kama a sama idan tana bayan injin 454, ta kama a ƙasa idan tana bayan 350, kuma nauyin mota ma yana da tasiri. Shi ya sa masu ƙera ta na kirki ba sa sayarwa sai sun tambayi girman injin, da bayanan kamshaf, da nauyin mota, da giyar aksul, da girman taya. A nan ne kuma lissafin farko ke dawowa da haƙoransa. A ce mutum ya sa kwambata mai kamawa a 3,000, ya haɗa da giya ta huɗu 0.70 da aksul 3.08, injinsa zai riƙa tafiya a juyi 1,950 a babbar hanya, wato ƙasa sosai da inda kwambatar ke kamawa, saboda haka za ta yi ta zamewa, zamewar kuma zafi take zama. Giyabos masu obadirayib na General Motors suna da kuloci a cikin kwambata da ke kulle ta gaba ɗaya idan an daidaita gudu, kuma wajibi ne a haɗa wayoyinsa ya yi aiki, ba a bar shi a kashe ba kamar yadda wasu ke yi don gudun wahala. Amma ko an kulle, injin mai zafin kamshaf ba ya son juyi 1,900, zai riƙa fizge-fizge yana tari. Irin wannan injin ya fi son aksul 3.73 ko 4.10, inda giya ta huɗu za ta ajiye shi tsakanin 2,300 da 2,800. Obadirayib ba ta da wani amfani ga wanda ya ƙi taɓa aksul ɗin da bai dace da injinsa ba.

Zafi shi ne ajalin giya otomatik. Man giya ya fi son zama a tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ya daɗe sama da haka sosai yakan yi baƙi, ya yi ƙauri, robobin ciki su bushe, kuloci su fara zamewa. Ɗan bututun sanyaya mai da ke cikin lagireto an yi shi ne don kwambatar kamfani, saboda haka duk wanda ya ɗaga matakin kamawa ya kamata ya ƙara wani abin sanyayawa daban a gaban lagireto, ya kuma sa ma'aunin zafi a inda idonsa zai riƙa gani. Kayan da ake sawa don giya ta riƙa shiga da sauri, irin waɗanda B&M da TransGo ke sayarwa, suna taimakawa wajen rage zamewar kuloci, amma wanda ya wuce gona da iri har mota ta riƙa harbawa a kowace giya yana gajiyar da kuros ɗin furofela da haƙoran aksul ne a banza.

Masu Ford da Chrysler lissafinsu ɗaya ne, sunaye ne kawai suka bambanta. A wajen Ford, giyabos C4 ta 1964 ita ce ta ƙananan injuna, C6 ta 1966 ta manya, sannan 4R70W mai sarrafawar lantarki ta gyara yawancin raunin AOD, amma AOD da 4R70W duka an yi su ne a kan ramukan ƙananan injunan Ford, don haka mai injin 428 ko 429 sai ya nemi farantin haɗi. A ɓangaren Chrysler, TorqueFlite 727 ta 1962 ta ɗauki ƙarfin injin 426 Hemi tun daga kamfani, kuma 'yar'uwarta mai obadirayib, A518, tana da kaurin wutsiya da ba ta shiga ƙarƙashin Charger ko Road Runner sai an yanke ƙarfen da ke riƙe da sandunan sifirin na gaba, aikin da ba kowa ke yarda a yi wa motarsa ba.

Wannan ya kawo mu ga darajar motar kanta. LS6 na asali ba su kai dubu biyar ba, kuma masu tara irin waɗannan motoci suna duba lambar da aka buga a jikin injin da giyabos su ga ko ta yi daidai da ta motar, farashi kuma yana bin wannan daidaito. Ga irin wannan mota, ni ban ga hujjar yanke ƙasanta don a cusa 4L80E ba, balle giyabos na zamani masu hawa shida ko takwas irin 6L80E da ZF 8HP, waɗanda suka fi buƙatar aikin lantarki. Abin da ya fi dacewa shi ne a sake gina TH400 ɗinta, idan kuma ƙarar babbar hanya ta dami mai ita, ya koma aksul 3.31, wanda shi ma kamfanin ya fitar da motar da shi, inda gudun mil 70 zai tsaya a juyi 3,000. Chevelle ta gama-gari kuwa, wadda ta fito da ƙaramin injin daga baya aka ɗora mata babba, ba ta da wannan takunkumi, kuma mai ita yana iya sa duk abin da lissafinsa ya nuna, muddin ya adana tsohon giyabos da furofelarsa da ƙarfen tallafinsa a wuri mai kyau, domin mai saye na gaba zai tambaye su.